Ruwan Cikin Farin Kifi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya halicci dutse, Ya halicci abin da ido ba ya gani, Ya ba kowanne aikinsa. Ya ku baƙin da kuka hawo tudun nan, ku matso kusa da wuta, ku gyara zama. Ni ne Tunau majemi, mutumin Birnin Sakwarmi da ke bakin Kogin Dumbulai. Na ga abin al'ajabi, na ga abin tsoro, na je inda na nufa, na kuma samo abin da na je nema. Duk da haka ba labarin nasara zan ba ku ba.

A shekarar da ciwon ya shigo garinmu ba wanda ya gane ciwo ne. Yara kaɗai yake kamawa, daga yaye zuwa sama. Yaro zai cinye tuwo, ya sha fura, ya nemi ƙari, amma kullum sai ramewa. Yadda abinci ya shiga haka yake fita, maiƙo yana yawo a kansa. Ciki ya kumbura, ƙafafu su koma kamar sillen kara. Mutane suka sa masa suna yunwar ƙoshi.

A gidana ya kama yara biyu. Ɗaya 'yata ce Hakama, wadda kan biyo ni majema tana toshe hanci, tana cewa sana'ata wari gare ta, amma ba ta komawa gida. Ɗayar kuwa Cima ce, 'yar Arzika, wan matata Yalwa. Arzika falke ne, matarsa ta rasu, shi ya sa yarinyar take hannunmu.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Iya Tsahara, tsohuwar da ke ba garinmu magani, ta kira ni da Arzika.

Ta ce, "Na ba su saiwa, na ba su sassaƙe, sun sha rubutu. Ba abincin ne da laifi ba. Akwai abin da ke sarrafa abinci a cikin mutum, shi ne yaran nan suka rasa, ni kuwa ban san ko mene ne ba. Kakata ta taɓa ba ni labarin wani birni a gabas, Zarkandu, inda malamai ke duba cikin ɗigon ruwa. In akwai mai sani, a can yake."

Arzika ya dube ni ya ce, "Na san rabin hanyar."

Na ce, "Yaya, ɗaya rabin fa?"

Ya ce, "Ma tambaya."

Muka ɗaura wa jakuna kaya muka kama gabas. Muka wuce ƙasar da ake noma a kan ruwa, muka wuce garin da mutanensa ba sa magana sai da fito. Bayan damina ta ja baya muka shiga wani kurmi mai duhu, inda ba mu yi nisa ba raga ta faɗo mana daga sama.

Masu kurmin nan ana ce da su Mutanen Raga. Hannuwansu na kaiwa har gwiwa, a kan itatuwa suke kwana, kuma ragarsu da jijiyar mutane suke saƙa ta. Suka kwashe jakunanmu, suka ɗaure mu da ɗanyen ƙiri a gindin wata gwanda mai gajeren tsayi, suka bar mu mu bushe. Kusa da mu akwai waɗanda suka riga mu zuwa. Ban so in duba su ba, amma na duba.

Arzika ya yi ta fizgar ɗaurin har hannunsa ya yi jini.

Na ce, "Yaya, bar ja. Ɗanyar fata in ta bushe ƙara matsewa take yi."

"To mu zauna mu jira su?"

Na ɗaga kai, sai ga ɗanyar gwanda tana reto daidai goshina. Na tuna mahautan garinmu kan naɗe nama mai tauri da ganyenta ya yi laushi, fata kuwa 'yar'uwar nama ce. Na miƙa wuya na gartsa wa gwandar cizo. Farin ruwanta ya cika mini baki, na tofa shi a kan ƙullin da ke hannun Arzika. Na sake cizo, na sake tofawa. Leɓɓana suka tsattsage, harshena ya kama zafi kamar na lashi garwashi. Ku dubi bakina, tabon ke nan.

Wuni guda ba abin da ya canza. Washegari da hantsi ƙullin ya fara santsi. Da rana ta take tsaka, lokacin da Mutanen Raga kan rataye kansu a rassa su yi barci kamar jemagu, Arzika ya murɗa hannu, ƙirin ya rabu kamar dafaffen ganda. Ya kwance ni, muka rarrafa cikin ciyawa har muka daina jin minsharinsu. Daga mu sai rigunan jikinmu.

Da bara da ɗaukar kayan mutane muka isa Zarkandu. Ganuwar birnin da ƙarau aka gina ta, tana ɗaukar ido tun daga nisan tafiyar kwanaki. Mutanensa ba sa hura wuta da rana, madubi suke juyawa ya tara hasken rana a gindin tukunya. Aka kai mu wurin wani dattijo, Malam Kailani, wanda ya saurare mu har muka gama bai katse mu ba. Sa'an nan ya miƙo mini loma ɗaya ta tuwon dawa ba miya.

Ya ce, "Tauna, kada ka haɗiye."

Na yi ta taunawa har na gaji. Can sai na ji zaƙi-zaƙi.

Ya ce, "Wa ya sa maka zuma?"

Na ce, "Allah gafarta malam, ba kowa."

Ya sa na tofa kaɗan a kan wani faifan ƙarau, ya tura shi ƙarƙashin wani bututu mai tsawon mutum, wanda aka jera madubai a cikinsa. Na kafa ido. Jama'a, a cikin ɗigon yawuna na ga kasuwa. Ga waɗansu dogayen abubuwa kamar carbi suna yawo, ga kuma waɗansu 'yan ƙanana, dunƙule-dunƙule kamar ƙwallon zare, kowanne da ɗan tsagi a gefensa. Carbin ya zo ya faɗa cikin tsagin daidai wa daida, sai ya tsinke, gutsattsarin su watse. Ɗan dunƙulen kuwa ko gezau, ya juya ya kama wani.

Malam ya ce, "Mu nan 'yan dunƙule muke kiransu. Kowanne zare ne guda ɗaya dogo da ya naɗe kansa. Sassan da ke ƙin ruwa sun ɓuya a ciki, masu son ruwa suna waje, daga naɗin nan ne tsagin ya samu. Wannan da kake gani tuwo kaɗai yake yankawa. Kawo masa nama, ba zai san me zai yi da shi ba. Na nama daban, na mai daban. Waɗansu sai cikin tsami suke aiki, waɗansu tsami ke kashe su. Su ne a ruwan gwandar da ya kwance ku. Su ne kuma a kashin tattabarun da kake jiƙa fata da shi a majema."

Na yi shekaru ina aiki da su ban san da su ba. Arzika bai damu da wannan ba.

Ya ce, "Malam, yaranmu fa?"

"A bayan tumbin mutum akwai wata tsoka da ke aiko da masu yanka mai da nama. Ta yaranku ta daina aikowa. Me ya sa, ban sani ba. Gyara ta kuma ban iya ba."

Na ce, "To a ba su ruwan gwanda."

"Zai ci hanjinsu kamar yadda ya ci bakinka, mai kuma ba zai taɓa shi ba. Abin da zai yi musu yana cikin farin kifin Tafkin Ƙanƙara, a ƙwanƙolin dutsen can. Ɗigo kaɗan a kan kowane abinci, yaro zai tashi. Amma kafin ku yi murna ku ga wannan."

Ya ɗauki ƙaramin madubi ya tara rana a kan faifan. Ina kallo 'yan dunƙulen suka fara rawa, suka yi ta karkarwa, sai naɗin ya warware. Zaren wannan ya harɗe da na wancan, suka cure wuri ɗaya. Carbin tuwo ya zo ya wuce ta kansu lafiya lau.

Ya ce, "Zaren yana nan, ko ƙwaya ba ta ragu ba. Naɗin ne ya tafi, kamar ƙwai in ya dahu. Na kifin nan kuwa a sanyi aka halicce su. Ɗumin cikin yaro suna jure shi gwargwadon su gama aikin ci ɗaya. Zafin rana ba sa jurewa. Na gwada shanya su, na gwada gishiri, na gwada zuma, duk sun mutu. Ba wanda ya taɓa kai su ƙasa mai zafi da rai."

Arzika ya ce, "An taɓa gwadawa?"

Malam ya ce, "An taɓa."

Duk da haka ya ba mu barguna, da buhun kanwa, domin masuntan tafkin ba abin da suke so kamar kanwa.

Muka hau dutsen har numfashi ya fara yi mana wuya. A can ruwa kan daskare ya zama dutse, mutum ya taka shi. Rumfunan masuntan suna wancan ƙetaren, sai wani daga cikinsu ya ɗauke mu a jirgin fata. Muna tsakiyar tafkin ruwa ya kumbura a gabanmu. Masuncin ya yi tsalle ya faɗa ruwa, Arzika ya bi shi. Ni na tsaya rungumar buhun kanwa, sai na ga baki ya buɗe kamar ƙofar zaure, haske ya ɗauke.

Uwar kifayen tafkin ce ta haɗiye ni da jirgin gaba ɗaya. Na zame cikin wani wuri mai santsi, na faɗa ruwa har ƙirji. Tsaminsa ya fi na tsamiya, kuma nan da nan fatata ta fara ƙaiƙayi, sa'an nan raɗaɗi. Na gane abin da ke faruwa. 'Yan dunƙulen da na gani a bututun Malam, su ne suka fara aikinsu a kaina, ba su san ni da kifi ba. Na yi salati. A cikin salatin na tuna ya ce waɗansu sai cikin tsami suke aiki, kowace mace kuwa ta san kanwa na kashe tsami. Na yage bakin buhun da haƙori na zazzage shi duka.

Ruwan ya tafasa da kumfa. Raɗaɗin ya lafa. Kumfa ta yi ta hawa har ta cika wurin, bangon cikin ya murɗa, ya sake murɗawa, sai aka watso ni waje kamar ƙwallon goruba. Masunta suka tsamo ni, gashin jikina duk ya zube. Ba su taɓa ganin wanda ya shiga ya fito ba, saboda haka ko da kanwar ta tafi, suka kama mana farin kifi ba su nemi komai ba. Suka nuna mana tsokar da ake tatsa, muka tara ruwanta, garai-garai kamar hawaye, har ya cika ɗan tulu.

Muka sa ɗan tulun a cikin babba, muka cusa ƙanƙara a tsakani, muka naɗe da barguna. Kurmi ba ya komuwa, ga Mutanen Raga ga zafi mai gumi. Hanya ɗaya ta rage, ta Faƙon Fari, fili ne shimfiɗaɗɗe da ba itace ba rijiya sai jefi-jefi. Da muka sauko Zarkandu, Malam Kailani ya ba mu raƙumi da salkunan ruwa. Da muke sallama ya riƙe hannuna ya daɗe.

Ƙanƙarar ta narke tun ba mu yi nisa ba. Muka cika tsakanin tulunan da yashi, muna jiƙa shi, iska na busawa yana sanyaya na ciki. Dabarar ta yi aiki, sai dai tulun ya fi mu shan ruwa. Rijiyar farko muka same ta da ruwa. Ta biyu laka. Ta uku ƙasusuwan raƙuma ne a bakinta.

Muka raba abin da ya rage kashi uku, nawa, na Arzika, da na tulu. Kullum da hantsi nakan taɓa yashin in ji shi da danshi fiye da yadda na zata, in ce Allah Ya taimake mu. Sai ran nan na waiwaya na ga Arzika ya kai ƙoƙonsa baki, ya yi kamar ya sha, ya juye shi a yashin.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ya ce, "Ni falke ne, na saba."

"Ba wanda ya saba da wannan. Ka sha nawa."

"Kai ka san yadda ake ba su. Ni ban fahimci rabin abin da malamin nan ya faɗa ba." Ya yi ɗan murmushi, leɓensa ya fashe. "In ka sha, ka ja raƙumi. In na sha, me zan yi?"

Na matsa masa ya kurɓa, amma ya riga ya makara. Washegari ya kasa zama a kan raƙumi. Na kwantar da shi a inuwar dabbar. Ya ce in ɗora tulun kusa da kumatunsa ya ji sanyin. Ya ce Cima ba ta son a sa mata kuka da yawa a miya, in faɗa wa Yalwa. Daga nan bai ƙara magana ba. Na haƙa masa da hannu da tsinken sirdi, na yi masa salla ni kaɗai.

Bayansa ruwan ya ƙare ƙaf. Na yi wuni biyu ina tafe yashin a bushe, na lulluɓe tulun da jikina, ina jin yana ɗumi a cikina kamar yaro mai zazzaɓi.

Da na shiga Sakwarmi labari ya riga ni. Kafin in kai ƙofar gida mata sun cika layin, kowace da yaro a goye ko a kafaɗa. Yalwa ta fito, ta dubi bayana, ta dubi raƙumin. Ba ta tambaye ni wanta ba. Hakama da Cima suna raye, amma sai da na duba sosai na bambanta su.

Iya Tsahara ta buɗe tulun a tsakar gida. Ruwan nan mai kama da hawaye ya zama fari, ya daskare guda-guda. Ta ɗora kaɗan a kan kitse, muka jira, kitsen yana nan yadda yake. Ta sa ludayi ta haƙa har tsakiya. A can ƙasa ta sami ɗan ruwa garai, bai cika ludayin ba. Ta ɗiga a kitsen, kafin a jima ya narke ya zama kamar madara.

Wata maƙwabciyarmu, Ladingo, ta matso da ɗanta ta ce, "Tunau, ko a yatsa ne."

Iya Tsahara ce ta amsa mata, da murya yadda kowa zai ji. Ta ce, "In aka raba wannan, kowane yaro zai ci abinci sau ɗaya ya amfane shi, shi ke nan. Maganin ba ya zuwa wurinmu. Wadda za ta iya, ta ɗauki ɗanta ta bi Tunau zuwa inda yake. Wannan ɗan ludayin na masu tafiya ne."

Da yawa ba su iya ba, ga tsofaffi ga gonaki ga tsoro. Gidaje kaɗan suka biyo mu, har da Ladingo. Muka jira ruwan sama ya sauka a faƙon, muka tashi. Abin ludayin ya ƙare tun a kwanakin farko. Daga nan kusan kowane zango sai mun haƙa ƙaramin rami kafin mu ɗaura kaya. Wanda ya binne nasa yakan juya gida, ayarin yana ta raguwa. Ladingo ta binne nata, amma ba ta juya ba, ta karɓi goyon Cima don Yalwa ta huta.

Wata safiya ganuwar Zarkandu ta ɓullo a gabanmu tana walƙiya. Hakama tana bayana, na ɗaure ta da rawanina.

Ta ce, "Baba, wancan hasken fa?"

Na ce, "Birni ne, da ƙarau aka gina shi."

"Za mu shiga?"

"Za mu shiga."

"Suna yin waina a can?"

"Suna yi. Da rana suke toya ta, ba da wuta ba."

Ta yi 'yar dariya a wuyana, ta ce ƙarya nake yi. Na ci gaba da ba ta labarin madubin da tukunyar, ina tafe ina faɗa, na daɗe ina faɗa. Sai na ji Yalwa a bayana ta ce, "Malam, tsaya." Ban tsaya ba. Ta sha gabana ta dafa ƙirjina ta ce, "Sauke ta haka nan."

A cikin yaran, Cima kaɗai ta iso tafkin nan da rai. Ita ce doguwar yarinyar da ta kawo muku ruwan zafi ɗazu. Kullum da safe nakan feɗe kifi in tatsa mata a kan abincinta, in kuwa aka yi fashin wuni biyu ciwon na dawowa. Ba za ta taɓa sauka daga dutsen nan ba, ta kuma sani. Ladingo ta auri wani masunci. Ni ina jeme wa mutanen nan fatun jiragensu. Na yi ta aika saƙo gida da kowane ayari cewa su zo, hanya na kashewa amma zama ma na kashewa. A shekarun farko akan sami masu tasowa, ba wanda ya iso da yaro. Daga baya aka daina tasowa.

Bara wani falke ya sauka a nan, ya ce ta Sakwarmi ya biyo. Na ja shi gefe na tambaye shi garin.

Ya ce, "Gari mai kyau, manyan gidaje, kasuwa na ci. Ga shi shiru. Duk yawona ban taɓa barci mai daɗi kamar na garin nan ba, ko kukan yaro ɗaya ban ji ba."

Na yi masa godiya. Da na koma rumfa Yalwa tana yi wa Cima kitso. Ba ta ɗago ba ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce kasuwa na ci."

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, na kuwa faɗa muku yadda ya faru. Sauran yana wurin Allah.